Gurbin Ganga

A Fam Santa aka tura mini shi,
naira ɗari biyu, yaron yana ta dariya:
"Baba, ai an daina yayin wannan,
ga sababbin jini nan masu zafi."
Na ce, tura, ɗan nan, ba kunnenka zan ara ba.

Shekara ashirin da biyu Ilu Gwammaja bai buɗe baki ba.
Na sha ganin sa a Ƙofar Ruwa
yana auna ƙusa a sikeli,
yatsun da suka hana Fagge barci har asuba
sun koma ƙirga canji.
Ban taɓa nuna na gane shi ba.
Kunya ta hana, tasa da tawa.

Yau ga shi, waƙa tara, daga shi sai jita.
Na tsai da keken ɗinki, na jingina da bango,
na bar rigar Alhaji Sammani da hannu ɗaya.

Muryar ta dushe, ba na musu.
Inda dā yake tashi sama kamar shirwa
yanzu sai ya tsaya ya ja numfashi,
kuma bai sa an goge numfashin ba,
ana jin sa, kamar mai hawan Dala da azumi a baki.
Bai kai ta ga injin nan ba
mai mai da mawaƙa duk 'yan ɗaki ɗaya.
Tsohuwar shadda ce da ta sha bugu,
sheƙin ya tafi, taushin ya zo.

Ta uku ba ta yi ba, in faɗi gaskiya.
Ya ari takalmin yara, ya matse shi,
ana jin ɗingishin tun daga farko.
Ta biyar kuma tsawo gare ta kamar layin mai.

Amma ta bakwai!

Dā su huɗu ne:
shi, da Bitrus mai ƙaho,
da Asabe mai amshi, da Ɗanjummai a kan ganga.
Bitrus ya koma Jos, Asabe jikoki sun riƙe ta,
Ɗanjummai yana kwance a Ɗandolo
damina goma sha ɗaya ke nan.
A ta bakwai, duk inda ya kamata ganga ta faɗo
sai Ilu ya ɗaga hannu, ya bar wurin fayau.
Ɗaya, biyu, shiru.
Ɗaya, biyu, shiru.
Bai ɗauko wani ba, bai ce kwamfuta ta cike ba.
Ni da na san bugun
sai na tarar tafina yana sauka a cinya
daidai inda mamacin yake saukar da sanda.

Duk faifan bai roƙi kowa ba,
ba sunan attajiri, ba kirarin ɗan takara.
Ya ambaci mai shayin bakin Kantin Kwari
da ya ɗaga masa ƙafa wata shida,
ya ambaci matarsa Hansai sau ɗaya tak,
ya wuce da sauri kamar ya taka garwashi.

Nazifi, mai sa mini maɓalli, ya taɓe baki:
"Oga, wannan ai ba ya rawuwa."
Na ce, mun yi tamu rawar a Sabon Gari
tun ubanka yana wasan langa.
Wannan na zama ne.
Ya yi shiru, ya ci gaba da zura zare.
Can da la'asar, bai ko dube ni ba, ya ce,
"Tura mini ta bakwai ɗin."

Gobe zan shiga Ƙofar Ruwa in sayi ƙusa,
ko da yake ba ni da abin kafawa.
In ya miƙo canji zan riƙe hannun,
in ce masa, Malam Ilu,
gurbin nan da ka bari,
akwai wani tela a Fagge da ke buga maka.